Sana'ar zane da ordinatar: wane kusu ne ya cancanci kuɗin mai sana'a?

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, matasa da dama na cin abinci da zanen katin aure, kalanda, afish da banderol. Suna zuba maƙudan kuɗi wajen sayen ordinatar da injin ɗab'i, amma abin da hannunsu ke riƙe da shi tun safe har dare, da canjin da ya rage ake sayensa.

Wanda ya leƙa shagon zane a ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙasar nan, musamman a kakar aure bayan an kai amfanin gona gida, ko kuwa gab da sabuwar shekara lokacin da ƴan kasuwa da ƙungiyoyi ke rububin buga kalanda, zai tarar da abu kusan iri ɗaya. Ga maigida ko aparanti a duƙe gaban ekaran, ga kiliya biyu ko uku tsaye a kansa, kowa na cewa nasa aikin ne na gaggawa. In aka tambayi mai shagon kayan aikinsa, zai lissafa ƙarfin ordinatar, faɗin ekaran da irin injin da ke buga masa aiki, har da abin da kowanensu ya ci. Da wuya ya ambaci ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tafin hannunsa, alhali kuwa babu layi guda da ke fita bisa takarda ba tare da ya bi ta cikinsa ba.

Faransawa na kiransa « souris », ƴan shago suka mai da shi « suri ». A Hausa kuwa kusu ne ko ɓera, gwargwadon garin mai magana. Wasu masu fassara kuma sun raɗa masa suna « linzami », tun da shi ke juya kibiyar da ke yawo bisa ekaran kamar yadda mahayi ke juya doki. Ga ma'aikacin biro da ke rubuta wasiƙa, kowane kusu kusu ne. Ga mai zane maganar ba haka take ba, domin shi hannunsa na kan abin awa takwas ko goma a yini, kuma abin da yake nema daga gare shi ya fi ƙarfin danna sunan takarda sau biyu. Kusun da bai dace ba na cinye masa lokaci, yana ɓata masa aikin da aka riga aka karɓi kuɗinsa, in kuma aka daɗe, sai ya taɓa hannun da ke ciyar da gida.

Daga akwatin katako zuwa ɗakin shirya jarida

Wani injiniyan Amurka mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro kusu a cibiyar bincike ta SRI da ke jihar Kaliforniya, abokin aikinsa Bill English kuma ya haɗa na farko a 1964. Ɗan akwatin katako ne mai tayu biyu a ƙarƙashi da maɓalli guda a bisa, ga igiya ta fito masa kamar wutsiya. Daga nan sunan ya samo asali. An nuna shi ga taron masana ranar 9 ga Disamba 1968 a birnin San Faransisko. Engelbart ya rasu a 2013 ba tare da ya ci riba daga miliyoyin da aka sayar ba, domin takardar mallakar ƙirƙirar ta cibiyar ce.

Kusu bai shiga sana'ar zane sosai ba sai da kamfanin Apple ya fito da Macintosh a Janairun 1984. Shekara guda bayan haka injin LaserWriter da manhajar PageMaker suka biyo, sa'an nan Illustrator a 1987, CorelDRAW daga Kanada a 1989, da Photoshop a 1990. Abin da Faransawa ke kira PAO ke nan, wato shirya shafi da ordinatar. Ya kuma zo daidai da lokacin da jaridu masu zaman kansu suka fara fitowa a Nijar: Haské a 1990, Le Républicain a 1991, shekarar babban taron ƙasa. Aikin da a da sai babban gidan ɗab'i mai injuna da ma'aikata barkatai, ya zamanto mutum biyu ko uku na iya shirya shi a ɗaki guda.

Waɗanda suka yi aiki a wancan zamani ba su manta da kusu mai ƙwallo ba. Ƙwallon roba ne a cikinsa, yana mirginawa bisa tebur yana juya wasu ƙananan sanduna biyu. A lokacin hunturu, in buji ya taso, ƙwallon kan kwashe ƙurar tebur duka ya liƙa wa sandunan, sai kibiya ta riƙa tsalle ko ta ƙi tafiya gefe guda, dole a buɗe murfi a kankare dattin da farce. A 1999 kamfanin Microsoft ya fito da IntelliMouse Explorer, wanda ke ganin tebur da haske maimakon taɓa shi, kuma cikin ƴan shekaru mai ƙwallo ya ɓace daga kasuwa.

Lanƙwasar « ƙ » da gashin amarya

Kafin a yi maganar saye, ya kyautu a duba abin da hannun mai zane ke yi. Mafi yawan tambari, hatimi da rubutun ado ana yin su ne da layuka masu lanƙwasa da ake kira layukan Bézier, sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault da ya yi amfani da su wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Kowane layi na da ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli na da ƴan hannuwa biyu da ake ja don a lanƙwasa layin. Ƙullin nan bisa ekaran bai fi ƙwayar gero ba. Sai mai zane ya kai kibiya daidai kansa, ya danna, ya riƙe dannawar, ya ja a hankali, ya saki a inda ya dace. Tambari guda na iya ɗaukar wannan motsi sau ɗaruruwa.

Mai zanen da ke aiki da Hausa na da wani ƙarin nauyi da takwaransa na Paris bai sani ba. Tsarin rubutun Hausa da hukuma ta tabbatar a Nijar a 1999 na da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. To, yawancin kyawawan haruffan ado da ake so a katin biki ba su ɗauke da su. Ga shi kuwa babu katin gayyata da ba ya cewa « ɗaurin aure » ko « ƙarfe 8 na safe ». Mai gaggawa yakan bar baƙin haka nan ba lanƙwasa, ko ya manna masa waƙafi a gefe, ya bar mai karatu ya yi ta kansa. Mai kishin aiki kuwa yakan mai da harafin zane (a CorelDRAW da Ctrl da Q ake yi), sa'an nan ya ƙera masa lanƙwasar da hannu, ƙulli bayan ƙulli, har kaurinta ya yi daidai da na sauran harafin. A nan ne ake gane kusu na ƙwarai: in kibiya na rawa, ko maɓalli ya saki ƙullin a tsakiyar ja, lanƙwasar za ta fito kamar ƙugiyar da aka taka, kuma aibin da ba a gani bisa ekaran sai ya fito fili in aka buga shi a banderol mai mita uku.

Haka nan yankan hoto, abin da ake kira « détourage ». A ɗauko hoton amarya ko na ɗan takara, a raba shi da bangon da ke bayansa, a bi gefen gyale, gefen rawani, yatsu masu lalle. Manhajojin yanzu na yin rabin aikin da kansu, amma gyaran ƙarshe na hannu ne, musamman da yake hotunan da kiliya ke kawowa sau da yawa na salula ne da aka ɗauka cikin ɗaki mai ƙarancin haske.

Lambar da ke jikin kwali

Abu na farko da mai sayarwa ke nuna wa mai saye shi ne lambar DPI da aka rubuta da manyan baƙaƙe: 3.200, 8.000, 16.000, har fiye. Mai zane kuwa ya saba da wannan kalma a wurin ɗab'i, inda ya san hoto na buƙatar 300 kafin ya fito tas, don haka sai ya ɗauka cewa yawan lambar na nufin kyawon aiki. Kalmar ce ɗaya, ma'anar daban. DPI na kusu ba shi da wata alaƙa da kyawon abin da za a buga. Abin da yake faɗa kurum shi ne: in hannu ya matsa inci guda, wato santimeta 2,54, ɗigo nawa kibiya za ta tafi bisa ekaran.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ekaran na yau da kullum na da ɗigo 1.920 a faɗi da 1.080 a tsaye. Da kusu mai 800, hannu zai yi tafiyar santimeta 6 kafin kibiya ta ƙetare ekaran daga wannan gefe zuwa wancan. Da mai 1.600, santimeta 3. Da mai 16.000 kuwa, milimeta 3 kacal: numfashi mai ƙarfi ma ya isa ya kai kibiya wani gari. Ko a kan 800 ɗin, ɗigo guda na daidai da motsin da bai kai kaurin silin gashi ba, wato kusun ya riga ya fi hannun ɗan Adam gani. Saboda haka tsakanin 800 da 1.600 ya wadatar da mai ekaran na yau da kullum. Mai babban ekaran na ɗigo 3.840, ko mai ekaran biyu a jere, shi ne zai buƙaci ya hau zuwa 1.600 ko sama kaɗan. Manyan lambobin nan ƴan wasan bidiyo ake yi wa talla da su, kuma su kansu ƙwararrunsu da yawa ba sa amfani da su.

Abin da ke da amfani shi ne ɗan maɓallin da ke canja saurin nan take, a rage shi lokacin gyaran ƙulli, a ƙara shi lokacin jera shafi. Ya kamata kuma a leƙa saitin Windows, inda akwai wani ɗan akwati mai suna « Améliorer la précision du pointeur ». Sunan na da daɗi, amma aikinsa shi ne ya sa tafiyar kibiya ta dogara da saurin hannu: motsi iri ɗaya, in an yi shi da sauri kibiya ta yi nisa, in a hankali ta tsaya kusa. Wasu na jin daɗin haka. Masu zane da yawa kuwa na kashe shi don hannu ya haddace nisa guda. Gwada shi kyauta ne.

Akwai wata lamba kuma, ta yawan rahoton da kusu ke aika wa ordinatar a daƙiƙa: 125, 500 ko 1.000. Ekaran na biro sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, don haka ko mafi ƙanƙantar lambar ta ninka shi. Ba wurin kashe kuɗi ba ne.

A gaskiya ma, daidaiton aiki ya fi dogara da ƴar tayar da ke tsakanin maɓallai biyu, wadda ta yaɗu tun daga IntelliMouse na 1996. Da ita ake kusanto da zane. In aka faɗaɗa aiki sau takwas, kuskuren ɗigo guda bisa ekaran ya koma kashi ɗaya cikin takwas a kan aikin. Mai zane na juya tayar nan fiye da yadda yake zato, don haka tayar da ke tsallake mataki, ko wadda ke komawa baya ita kaɗai, ta fi ƙarancin DPI illa nesa ba kusa ba. A CorelDRAW danna tayar na ba da damar jan shafi duka. In tana da tauri, yatsa ne zai biya.

Ido, tebur da ƙura

Idon kusu ƙaramar kamara ce da ke ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashinta sau dubbai a daƙiƙa, tana gwada hoton yanzu da na baya don ta gane inda aka nufa. Ke nan sai ta samu abin gani. Gilashi da farin fomika mai sheƙi na ruɗa ta, kuma abin takaici su ne teburan da shaguna ke so don ado. Kusu mai laser, wanda Logitech ya fara yaɗawa a 2004, ya fi jure irin waɗannan wurare, kuma fasahar Darkfield ta 2009 na aiki har bisa gilashi mai kaurin milimeta 4. Amma maganin da ya fi araha shi ne ƴar shimfiɗar kusu ta ƙyalle, mai launi guda mai duhu, mai faɗin da hannu zai sake. Shimfiɗar talla mai hotuna masu ƙyalli da ake rabawa kyauta, sau da yawa ita ce tushen rawar kibiyar da ake ɗora wa kusu laifinta.

Ƙura ba ta daina aikinta ba don ƙwallo ya tafi. Tana taruwa a ramin ido, tana shiga cikin taya, tana kuma cinye ƴan takalman da ke ƙarƙashin kusu kamar yadda yashi ke cinye takalmin mutum. In suka sude, kusu ya daina sulɓi, sai hannu ya riƙa tura shi da ƙarfi, sa'an nan ya kuɓuce ya wuce wurin da ake so. Shafe shimfiɗa kowace safiya da rufe tebur da ƙyalle in an tashi sun fi wani sabon saye amfani. Zafin watannin Afirilu da Mayu kuma na da nasa: robar nan mai laushi da ake lulluɓe wasu kusa da ita, gumi da zafi na mai da ita mai danƙo. Jikin roba mai tauri, wanda ake iya gogewa, ya fi dacewa da shagon da wantilatar kaɗai gare shi.

Hannun da ke ciyar da gida

A nan ne maganar ta fi nauyi, a nan ne kuma aka fi sakaci. In mutum ya kifa tafin hannunsa bisa tebur, ƙasusuwa biyu na damtsensa na gittawa juna, jijiyoyi na zama a murɗe. In ya ƙara da lanƙwasa wuyan hannu sama, ya danne shi a bakin tebur, ya kuma riƙe maɓalli a danne yana ja, awa bayan awa, to ciwon wuyan hannu, na gwiwar hannu da na kafaɗa ba su da nisa. Akwai wata jijiya da ke ratsa wani ɗan ƙunci a wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe. Wanda ya fara jin waɗannan yatsu na mutuwa ko suna yi masa kamar tafiyar kiyashi, musamman da dare, likita ya kamata ya gani. Ba sabon kusu ne zai warkar da shi ba, ba kuwa man zafi ba. Matashi ɗan shekara 22 ba ya jin wannan magana, domin jikinsa na yafe masa komai. A shekara 40 ne ake kawo takardar bashin.

Don haka girman kusu ya zo kafin sunan kamfani. Hannu ba ɗaya ba ne, riƙo ma ba ɗaya ba ne: wani na ɗora tafinsa duka, wani na kama shi da kan yatsu kamar mai tsintar tsaba. Ƙananan kusan nan na tafiya, da ake bayarwa gyara in an sayi ordinatar ta hannu, an yi su ne don jaka. Babban hannu in ya wuni a kansu, yatsu na ƙanƙancewa. Wanda ya dace shi ne wanda tafi ke hutawa a kansa, yatsu su kai maɓalli ba tare da miƙewa ko naɗewa ba, ƙaramin yatsa kuma kada ya riƙa jan ƙasa.

Akwai kusu na tsaye, wanda ake riƙewa kamar ana gaisawa da mutum. MX Vertical na Logitech, na 2018, a karkace yake da digiri 57, kuma a 2022 kamfanin ya fito da Lift don ƙananan hannuwa, har da na bahago, abin da ba a cika samu ba. Irin wannan na rage murɗewar damtse, mutane da yawa na samun sauƙi da shi. Sai dai a san cewa kwanakin farko hannu na ɓata, dannawa na ɗan tura kusun gefe, kuma ba a makon da aiki ya yi yawa ake koyonsa ba. Nauyi ma abin dubawa ne. MX Master 3S, wanda masu zane da yawa ke yabo saboda tayarsa ta biyu a gefen babban yatsa da maɓallan da ake iya ɗora wa umarni, giram 141 gare shi, kuma ya fito a 2022 a kan kusan dalar Amurka 100, wato fiye da jika 50. Kusu ne mai kyau ga babban hannun da ke kwanciya a kansa. Ga mai riƙo da kan yatsu, wanda ke ɗaga kusu sau da yawa, kaya ne.

Kuma ko wane iri aka saya, kujera da tebur na da rabonsu. Gwiwar hannu ta zauna kusa da jiki, damtse ya samu wurin hutawa, kusu ya kasance dab da allon rubutu, kada a miƙa hannu ana neman sa. Hannun hagu kuma ya yi aikinsa: mai zanen da ya haddace gajerun hanyoyin allon rubutu, yana kuma matsar da abu da maɓallan kibiya maimakon ja, ya rage wa hannun dama rabin wahala.

Mai igiya ko marar igiya

Marar igiya na da kyan gani, kuma na kamfanonin kirki ba ya jinkirin da mai zane zai lura da shi. Amma yana da buƙatu. Mai pil na son pil mai kyau, domin na araha na mutuwa da wuri, in kuma aka manta da shi a ciki yakan zubo ruwa ya ci ƙarfen. Mai caji na ɗauke da batirin da zafi ke rage wa kwana, wanda kuma ba kowane ake iya canjawa ba. Ɗan makullin da ake cusawa a ordinatar, in ya ɓace a shagon da mutum goma ke shiga da fita da kile USB, sau da yawa kusun ya zama abin wasan yara. An kuma san tun 2012, daga wani bayanin kamfanin Intel, cewa kayan USB 3.0 na iya dagula siginar 2,4 GHz da waɗannan kusa ke aiki da ita. In kibiya na sarƙewa duk lokacin da aka haɗa diski, a nisanta makullin da shi kafin a zargi kusu. Masu Mac kuma su san cewa Magic Mouse, tun samfurin 2015, ramin cajinsa a ƙarƙashin cikinsa yake: in ya mutu ana tsakar aiki, sai a kifa shi a jira.

Ga shagon da ke aiki a tebur guda, mai igiya na kamfanin da aka sani ya fi kwanciyar hankali. Ba pil, ba caji, kuma kuɗin da za a ba da don rashin igiya sun tafi wajen ingancin maɓalli.

Maɓallin ne kuwa ke fara mutuwa. Ƙarƙashin kowane akwai wani ɗan makunni mai siririn ƙarfe. In ya gaji ko ya yi tsatsa, dannawa guda sai ta zama biyu, ko ya saki abu ana cikin ja. Ga mai zane wannan masifa ce, domin yakan matsar da abu ba tare da an lura ba, sai bayan an buga kati 500 a ga suna ya goce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ana canja makunnin: ƙafafu uku ne da dalma, kuma mai gyaran salula da ya iya aikinsa zai ciro na wani mataccen kusu ya dasa. Kusu mai tsada da ya fara wannan ciwo bai kai na jefarwa ba.

Sai batun jabu. Kaya na shigowa daga Dubai, daga Sin, ta Kano, sabo da okaziyo, kuma kwali mai sunan babban kamfani ba shaida ba ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa; matsalar ita ce a biya kuɗin ƙwarya a karɓi rariya. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na ko'ina, rubutun da ke gogewa da yatsa, da jikin da ke ƙara in an matsa shi, duk alamu ne. Ga manyan samfura, manhajar kamfanin kanta na gane nata: wanda ta ƙi gani, akwai magana. Okaziyo na asali da aka gwada ya fi sabon jabu.

Inda kusu ya tsaya

Akwai aikin da ko wane kusu ba zai yi ba. Kusu bai san ƙarfin dannawa ba: ko an danna, ko ba a danna ba. Mai zanen fuska, mai gyaran fatar hoto, ko mai son rubutun ajami da ke kauri yana sirancewa kamar na alƙalamin kara, allon zane mai alƙalami yake buƙata. Kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, shi ya yi suna a wannan fanni. Alƙalaminsa ba ya cin pil, kuma na yanzu na bambance matakan dannawa 4.096 ko 8.192. Huion da XP-Pen na ƙasar Sin sun kawo masu sauƙin kuɗi. Kowane wuri bisa allon na daidai da wuri guda bisa ekaran, don haka sai an yi mako ɗaya ko biyu kafin ido da hannu su shirya. Ga jera shafi da gyaran ƙulli kuwa, da yawa na komawa ga kusu, kuma sauya hannu tsakanin su biyun na hutar da jijiya. Mai jika 50 a hannu, in aikinsa ya fi karkata ga hoto, zai fi cin riba in ya raba kuɗin: matsakaicin kusu mai igiya, da ƙaramin allo.

Ranar saye, kada a je da kunne kaɗai. A tafi da ordinatar ta hannu in akwai, ko a roƙi mai kanti ya haɗa kusun da tasa. A ɗora hannu a kai minti biyar ana hira, a ji ko wani yatsa na neman wurin zama. A buɗe manhajar zane, a ja da'ira a hankali, a ja layi a karkace: in da'irar ta fito da kusurwa, ko layin na miƙewa da kansa, idon na yi wa hannu gyaran da ba a sa shi ba. A kama abu guda a yi ta yawo da shi bisa ekaran ba a saki ba, a ga ko zai faɗi. A juya taya mataki-mataki, sama da ƙasa. Sa'an nan a rubuta « ƙ » babba, a mai da shi zane, a gwada gyara lanƙwasarsa. In mai kanti ya ƙi a buɗe kwali, a nemi ya rubuta bisa takardar saye cewa ana iya maido da kaya cikin kwana biyu ko uku, ya sa hannu da hatimi.